Yadda Ake Zaɓen Fafaroma a Zamanin Da: Mataki-Mataki Daga Rasuwa Zuwa Naɗi

Tun daga watan Mayun 2025, lokacin da kadinal-kadinal 133, wato manyan malaman cocin Katolika masu zaɓen Fafaroma, suka shiga kulle a fadar Batikan suka fito da Fafaroma Leo na 14, masu karatu suke ta aiko mini da tambaya kusan iri ɗaya: shin haka ake yin wannan zaɓe shekaru ɗari bakwai da suka wuce, kuma idan ba haka ba ne, me ake farawa da shi, me ke biye, wa ke biyan kuɗi, kuma a ina ake yawan samun tangarɗa? Wannan jagora amsar tambayar ce. Na ɗauki tsarin da aka bi daga 1274, shekarar da Fafaroma Giregori na 10 ya kafa dokar kulle a babban taron coci na birnin Liyon, zuwa ƙarshen ƙarni na 15, na jera matakan yadda suke zuwa, kowane gargaɗi a gefen matakin da ya shafa.

Kafin a shiga, ya kamata mai karatu ya ajiye abubuwa uku da ya saba gani a talabijin. A wancan zamani babu farin hayaƙi mai sanar da sakamako, babu ƙuri'ar sirri irin ta yau, domin sai a 1621 aka wajabta ta, sannan masu zaɓen ba su da yawa. Mutum takwas ne suka yi zaɓen 1261, mutum bakwai suka yi na 1277, kuma da wuya a wuce ashirin da 'yan kai. Abin da zai ci gaba da gani a kowane mataki shi ne ƙoƙarin toshe duk wata kafa da wanda bai ji daɗin sakamako ba zai bi daga baya ya ce zaɓen bai inganta ba.

1. Tabbatar da rasuwa da fasa hatimi

Da zarar Fafaroma ya cika, ragamar gidan tana komawa hannun ma'ajin fada, wanda ake kira kamalengo. Shi ne zai tsare baitulmali, ya ƙididdige kayan mamacin, ya sa masu gadi a ƙofofi. Aikin da ba a jinkirtawa shi ne na hatimi. Takardun Fafaroma ana rataya musu hatimin dalma mai fuska biyu, ɗaya ɗauke da kawunan manzanni Bitrus da Bulus, ɗaya ɗauke da sunan Fafaroman da ke kan kujera. Ƙarfen da ke buga sunan sai a farfasa shi a gaban kadinal-kadinal, na kawunan manzannin kuma a naɗe shi a ƙyalle, a like, a ajiye wa magaji. Da wannan an rufe hanyar ƙirƙiro takarda da sunan wanda ya riga ya mutu.

Gargaɗi: kada a bar gawa da ɗakunan mamacin babu tsaro ko na dare ɗaya. A 1216, da Fafaroma Innosan na 3 ya rasu a Perugia, ɓarayi suka shiga cocin da aka ajiye shi da dare suka tuɓe masa tufafin alfarma, suka bar gawar kusan tsirara. Wannan mutum shi ne Fafaroma mafi ƙarfin iko a zamaninsa.

2. Jiran kwana goma

Doka ta ce a jira kadinal-kadinal da ba sa gari kwana goma, ba ƙari. A cikin kwanakin nan ake jana'iza da addu'o'in makoki, waɗanda a ƙarni na 14 suka daidaita a kan kwana tara. Ranar da wa'adin ya cika sai a shiga, ko mutanen da ake jira sun iso ko ba su iso ba. Wanda ya makara ba a hana shi shiga idan ya tarar ba a gama ba, amma zai ɗora ne daga inda ya sami aikin, ba za a koma baya saboda shi ba. Babu aiko da ƙuri'a a wasiƙa, kuma babu wakilci.

Gargaɗi: kuskure biyu ake yi a nan, kuma na farko ya fi muni. Shi ne wani ɓangare ya yi riga-malam-masallaci. A 1130 wasu 'yan tsiraru suka yi gaggawar zaɓen Innosan na 2 cikin sa'o'i kaɗan da rasuwar wanda ya gada, sauran kuma suka taru a ranar suka zaɓi Anakiletus na 2, aka kwashe shekara takwas coci na da shugabanni biyu. Kuskure na biyu shi ne hana wani kadinal shiga da hujjar cewa an yanke masa hukuncin kora daga tarayyar coci. Dokar Kilemen na 5 ta 1311 ta ce irin wannan hukunci ba ya hana shi ƙuri'a, kuma dalilin a fili yake: da an bar wannan ƙofa a buɗe, kowane ɓangare zai riƙa neman laifin da zai rage yawan abokan hamayyarsa.

3. Wurin zama da rantsar da hukumar gari

Ba lallai ba ne a yi zaɓen a Rum. Ana yin sa ne a garin da Fafaroma ya rasu tare da fadawansa, a cikin fadar da yake zaune. Shi ya sa aka yi zaɓuɓɓuka a Viterbo, Perugia, Arezzo, Nafoli da Avignon. Idan ya rasu a kan hanya, sai a koma babban garin yankin da ya rasu, sai fa idan garin yana tawaye ga coci ko an sa masa takunkumin ibada, a nan sai a nemi gari mafi kusa.

Da jin labarin rasuwa, masu mulkin garin za su yi rantsuwa a gaban limamai da jama'a cewa za su tabbatar da kullen yadda doka ta tsara, kuma ba za su takura wa masu zaɓe fiye da abin da ta faɗa ba. Hukuncin saɓa wannan rantsuwa mai nauyi ne: kora daga coci, ƙwace filayen da mutum ke riƙe da su na coci, takunkumin ibada a kan garin baki ɗaya, har da raba shi da kujerar bishop.

Gargaɗi: wannan mataki ne ya fi kowanne hatsari, kuma a ganina shi ne wanda marubuta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Matsin da doka ta tsara halas ne, amma matsin da ya fito daga takobi ko daga gungun jama'a yana rusa zaɓen daga tushe. A 1281 mutanen Viterbo suka kutsa cikin fada suka fizge kadinal-kadinal biyu 'yan gidan Orsini, garin ya sha takunkumi a kan haka. A 1314 'yan bindigar wancan zamani, wato dakarun Gaskoni masu goyon bayan dangin Fafaroman da ya rasu, suka tarwatsa zaman Carpentras, masu zaɓen Italiya suka tsere, ba a sami Fafaroma ba sai a watan Agustan 1316. Mafi girma shi ne na Afrilun 1378 a Rum. Kadinal-kadinal 16 ne a ciki, 11 daga cikinsu Faransawa, a waje kuma jama'a na ta ihu suna neman ɗan Rum ko aƙalla ɗan Italiya. Aka zaɓi babban bishop na Bari, ya zama Urban na 6. Bayan 'yan watanni, da suka ga zafin halinsa, mutanen da suka zaɓe shi suka ce tsoro ne ya sa su, suka taru a Fondi a watan Satumba suka zaɓi wani. Ko da gaske tsoron ne ko fakewa suka yi da shi, ihun da aka bari ya kai kunnuwansu shi ya ba su hujja, kuma ɓarakar ba ta ɗinke ba sai 1417.

4. Shirya ɗaki da toshe ƙofa

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: babban zaure guda, ƙaramin ɗakin ibada mai bagadi, makewayi da za a iya kaiwa gare shi ba tare da an fita ba, magina, kafintoci, katako, yadi, kyandirori, takarda da tawada. Baitulmalin fada ne ke biyan kuɗin gini da na masu gadi.

A tsarin 1274, dukkan masu zaɓe a zaure ɗaya za su kwana su tashi, babu bango babu labule a tsakaninsu, kuma kowannensu hadimi ɗaya zai shiga da shi, sai mara lafiya da aka yarda masa biyu. Manufar ita ce kada a sami lungun da mutum biyu za su keɓe su ƙulla wani abu. A 1351 Kilemen na 6 ya sassauta, ya halatta labule tsakanin gadaje da hadimai biyu ga kowa, kuma zuwa ƙarni na 15 kafintoci na kafa wa kowane kadinal ɗan ƙaramin ɗaki na katako da yadi, a raba su ta hanyar jefa ƙuri'a don kada a yi rigima a kan wuri. Bayan kowa ya shiga sai a fitar da baƙi, a bincika lungu-lungu, a toshe ƙofofi da tagogi, a bar taga ɗaya tak wadda kwano zai wuce amma mutum ba zai wuce ba. Daga wannan kullewa da makulli ne zaman ya samo sunansa a harshen Latin. Daga nan babu wasiƙa mai shiga ko fita, babu ɗan aike, babu ganawar sirri, kuma duk wanda ya karya wannan ya jawo wa kansa kora nan take.

Wanda ya fita ba tare da rashin lafiya bayyananne ba, ya fita ke nan. Wanda ciwo ya fitar, sai a ci gaba ba tare da ƙuri'arsa ba, idan ya warke ya dawo.

Gargaɗi: a duba lafiyar ginin da kuma lokacin shekara. A 1241 mai mulkin Rum ya tsare masu zaɓe a wani tsohon kango mai yoyo a tsakiyar zafin bazara, kadinal ɗan Ingila ya mutu a ciki, Fafaroman da aka zaɓa, Selestin na 4, bai wuce kwana 17 ba shi ma ya bi shi, sauran suka watse, kujera ta zauna babu kowa har tsakiyar 1243. A 1287 kuma zazzaɓi ya kashe aƙalla mutum biyar cikin masu zaɓe a Rum. Tsufa ne ya yi yawa a cikin ɗakin, kuma kowace mutuwa tana sauya lissafin ƙuri'u.

5. Abinci da kuɗin shiga

Wannan shi ne agogon zaɓen, don haka ya kamata a riƙe lissafinsa daidai. Kwana uku na farko kowa na cin abin da ya saba. Idan suka wuce ba a yi zaɓe ba, to kwana biyar masu biye kwano ɗaya ne da rana, kwano ɗaya da dare. Idan waɗannan ma suka wuce, wato an cika kwana takwas, sai burodi da ruwa da ruwan inabi kaɗai har a gama. Gyaran 1351 ya ɗage matakin ƙarshe, ya bar kwano ɗaya na nama ko kifi ko ƙwai a kowane ci, tare da 'yan abubuwan haɗawa. Daga gidan kowane kadinal ake dafo abincinsa, da kuɗinsa, masu gadi kuma su bincika shi a bakin taga kafin ya wuce, domin cikin kaza ko cikin burodi wuri ne mai kyau na ɓoye 'yar takarda.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne aljihu. Muddin kujera babu kowa, babu kadinal da zai karɓi ko sisi daga baitulmalin Fafaroma, duk abin da ya shigo ajiye shi ake yi wa magaji. Idan aka tuna cewa tun 1289 Nikolas na 4 ya ba majalisar kadinal-kadinal rabin manyan kuɗaɗen shigar cocin Rum, za a gane girman abin da jinkiri ke ci musu. Haka nan ba su da izinin taɓa wata harka ta mulki in ba zaɓen ba, sai idan wani hatsari ya taso wa ƙasar coci wanda kowa ya yarda ba zai jira ba.

Asalin wannan tsanani a Viterbo yake. Kilemen na 4 ya rasu a ƙarshen Nuwamban 1268, masu zaɓe suka yi kiki-kaka har kusan shekara uku, mutanen gari suka kulle su, suka rage musu abinci, suka yaye rufin zauren. Giregori na 10, wanda ya fito daga wancan zama, shi ne ya mayar da abin doka. Kuma ta yi aiki: zaɓen farko da aka yi da ita, a Arezzo cikin Janairun 1276, rana ɗaya ya ɗauka.

Gargaɗi: masu zaɓe ba su da ikon sassauta wa kansu dokar a lokacin da kujera take babu kowa, kuma dokar 1311 ta faɗi haka ƙarara. An ga abin da dakatar da ita ke haifarwa. Bayan an jingine ta a 1276, giɓin 1292 zuwa 1294 ya kai wata 27. Da aka dawo da ita, zaɓen Bonifas na 8 a Disamban 1294 bai wuce yini guda ba.

6. Alkawura kafin ƙuri'a

Doka ta soke duk wata yarjejeniya, alkawari ko rantsuwa da aka ƙulla a kan wanda za a zaɓa, ko da an dafa littafi mai tsarki. Sayen ƙuri'a da kuɗi ko da muƙami babban zunubi ne a dokar coci. Duk da haka, daga 1352 masu zaɓe suka fara rubuta sharuɗɗan da kowannensu zai rantse zai bi idan shi aka zaɓa, kamar kada yawan kadinal-kadinal ya wuce 20.

Gargaɗi: irin wannan takarda ba ta ɗaure Fafaroma. Innosan na 6 ya soke ta 1352 a shekarar da ta biyo baya, Bulus na 2 ma ya yi watsi da tasa a 1464.

7. Zaɓar hanyar da za a bi

Kowace rana da ibadar Mas ake buɗe ta, ana roƙon jagorancin Ruhu Mai Tsarki. Sannan a tsayar da hanyar da za a bi cikin uku da dokar coci ta sani.

Ta farko ita ce amincewa da murya ɗaya, inda wani zai ambaci suna ba tare da an shirya ba, kowa ya amsa. Haka aka zaɓi Selestin na 5 a 1294, tsoho mai zaman kaɗaici a kan dutse. Sharaɗinta shi ne kada ko mutum ɗaya ya ƙi. Ta biyu ita ce wakilta kwamiti: dukkan masu zaɓe su amince su miƙa ikonsu ga 'yan kaɗan, su yi alkawarin karɓar wanda suka fitar. Da ita aka warware rikicin Viterbo a ranar 1 ga Satumban 1271, lokacin da mutum shida suka zaɓi wani malamin coci da ke can birnin Akka a gabar Falasɗinu, wanda ya zama Giregori na 10. Ta uku, wadda aka fi bi, ita ce ƙidayar ƙuri'a.

Gargaɗi: ba a kafa kwamiti da rinjaye, sai kowa ya yarda, kuma a rubuta iyakar ikonsa da wa'adinsa tun kafin ya zauna. Game da murya ɗaya kuma, gajiya tana iya yin kama da wahayi. Selestin na 5 mutumin kirki ne ƙwarai, amma bai san mulki ba, kuma bayan wata biyar ya sauka da kansa.

8. Kaɗa ƙuri'a da ƙidaya

Tun 1179, a dokar Alekzanda na 3, ƙuri'ar kowane kadinal daidai take da ta ɗan'uwansa, ko bishop ne, ko firist, ko dikin, wato matakan limanci uku daga babba zuwa ƙarami, kuma ba a zama Fafaroma sai da kashi biyu bisa uku na waɗanda suke cikin ɗakin. A yi lissafin tun kafin a fara, kowa ya ji: idan mutum 18 ne, ana neman 12, idan 16 ne, ana neman 11, idan bakwai ne, ana neman biyar. Wanda ya ɗauki kansa Fafaroma da abin da bai kai haka ba, shi da masu bin sa duka korarru ne.

Da farko da baki ake yi. A zaɓi mutum uku amintattu, su koma gefe, kowane kadinal ya je ya faɗa musu wanda yake so, su rubuta, su karanto wa kowa nan take. Daga baya aka koma takarda. A ɗora ƙoƙon ibada na zinariya a kan bagadi, mutum uku su tsaya suna sa ido, masu zaɓe su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya bisa girman muƙami, kowa ya durƙusa ya yi addu'a ya jefa takardarsa. Sai a kawo tebur tsakiyar ɗaki, a juye ƙoƙon, a karanta kowace takarda da ƙarfi. Mai zaɓe yana rubuta sunansa a jiki, saboda haka kowa ya san wanda kowa ya zaɓa, kuma an yarda ya rubuta suna fiye da ɗaya. Yawanci zagaye ɗaya ake yi a rana. Ba dole ba ne wanda za a zaɓa ya kasance kadinal, ko da yake Urban na 6 shi ne na ƙarshe da aka ɗauko daga waje.

Gargaɗi na farko: kowa ya riƙe alƙalami ya yi nasa lissafin. A zaɓen Agustan 1458, kamar yadda wanda ya ci ya rubuta da kansa, mai karanta ƙuri'un shi ne babban abokin takararsa, kadinal na Rouen, kuma ya sanar da cewa kadinal na Siena, wato shi wanda ya ci ɗin, ya sami takwas alhali tara ce. Da a ce mutumin Siena bai riƙe nasa lissafin ba, da ƙuri'ar nan ta salwanta. Gargaɗi na biyu: kada a jefa ƙuri'a ga wanda ake ganin ba zai ci ba don kawai a ga inda iska ke kaɗawa. Wani marubucin tarihi na birnin Fulorans ya ruwaito cewa ta haka Benedik na 12 ya ci a 1334, domin mutane da yawa sun yi wannan dabara a kan mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

9. Komawa bayan wanda ke kan gaba

Idan ƙidaya ba ta kai ba, ba a tashi nan da nan. Akwai dama ta biyu: duk wanda bai zaɓi wani ɗan takara ba yana iya miƙewa ya furta a bainar jama'a cewa ya koma bayansa, a ƙara muryarsa a kan abin da aka ƙirga. A nan ne zaɓuɓɓuka da yawa suke ƙarewa, kuma a nan ne zuciya ke bugawa.

A koma ɗakin 1458. Mutum 18 ne, na Siena yana da tara, na Rouen yana da shida, ana neman 12. Kowa ya zauna shiru, an yi jugum, babu mai motsa komai sai idanu. Can sai Rodrigo Borgia, matashi a lokacin, ya miƙe ya koma bayan na Siena, suka zama goma. Mutum biyu daga ɗaya ɓangaren suka fice kamar za su kewaya, da nufin zaman ya watse, amma da suka ga babu wanda ya biyo su sai suka dawo. Wani ya miƙe, suka zama 11. Da Prospero Colonna ya yunƙura zai tashi, sai mutum biyu suka riƙe shi ta kowane gefe suna neman jan sa waje, shi kuwa ya ɗaga murya ya furta, aka cika 12, aka sami Fiyus na 2. Labarin daga bakin wanda ya yi nasara ya fito, don haka a karanta shi da wannan a zuciya, amma tsarin aikin haka yake.

Gargaɗi: wanda ya riga ya rubuta sunan mutum a takarda ba zai sake ƙara masa murya ba, in ba haka ba an ƙirga shi sau biyu. Amfanin sa suna a jikin ƙuri'a ke nan.

10. Amincewa, suna da alkyabba

Cika adadi bai isa ba sai wanda aka zaɓa ya ce ya karɓa. Daga wannan kalma ikon mulkinsa ke farawa, tun kafin kambi. Adiriyan na 5 ya rasu a 1276 bayan makonni biyar yana dikin, ba a naɗa shi firist ba balle bishop, amma yana cikin jerin Fafaromomi. Bayan ya karɓa sai a tambaye shi sunan da zai ɗauka, babban dikin ya yafa masa jar alkyabba yana furta cewa ya ɗora shi a kan birnin Rum da duniya, a zaunar da shi, masu zaɓe su zo ɗaya bayan ɗaya su sumbaci ƙafarsa da hannunsa, a rera waƙar godiya ga Allah. Idan ba ya cikin ɗakin sai a tura masa manzanni da takardar zaɓe mai hatiman masu zaɓe. Giregori na 10 sai da ya tsallako teku daga Akka, ba a naɗa shi ba sai Maris na 1272.

Gargaɗi: a tsare alkyabbar. A 1159, ana shirin yafa ta ga wanda mafi yawa suka zaɓa, sai abokin hamayyarsa Oktabiyan ya fizge ta. Aka ƙwace, limaminsa ya zaro wata da suka zo da ita a ɓoye, ya saka ta a gaggauce har ya juya gabanta baya, ya fita jama'a suka gan shi a matsayin Fafaroma. Shekara 18 aka yi kafin Sarkin Jamus ya janye goyon bayansa ga wannan ɓangare, kuma wannan rikici ne ya haifi dokar kashi biyu bisa uku.

11. Sanarwa

Sai a fasa tagar da aka toshe, babban dikin ya leƙa da gicciye a hannu ya faɗa wa jama'a sunan, a kaɗa ƙararrawa.

Gargaɗi: a kwashe kaya masu daraja tun kafin a shiga kulle. Al'adar mutanen Rum ce su yi wasoson gidan wanda aka zaɓa, hadiman cikin kulle kuma su wawashe ɗan ɗakinsa, da hujjar cewa yanzu ya fi ƙarfin waɗannan kaya. Fiyus na 2 ya rasa littattafansa da tufafinsa da kuɗinsa a ranar. Jita-jita kaɗai tana isa a afka wa gidan wanda ma ba shi aka zaɓa ba.

12. Naɗi, kambi da hawa

Idan zaɓaɓɓen bai kai matsayin bishop ba sai a cike masa matakan. Innosan na 3, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Janairun 1198 yana ɗan shekara 37, an naɗa shi firist ranar 21 ga Fabrairu, bishop kuma washegari. Bishop na Ostia ne ke jagorantar naɗin, na Albano da na Porto suna taya shi. A ƙarni na 15, a kan hanyar shiga bagadi, ana cinna wa curin zaren lilin wuta a gabansa, ya ci ya mutu nan take, a tuna masa cewa haka ɗaukakar duniya ke wucewa. Bayan Mas sai babban dikin ya ɗora masa kambi a kan matakalar cocin Bitrus, a gaban jama'a.

Daga nan sai hawa. Fafaroma kan farin doki, a ratsa birni zuwa cocin Lateran, wanda shi ne ainihin kujerarsa ta bishop na Rum, ana watsa kuɗi a wurare sanannu don a rage cunkoso, Yahudawan birnin kuma su tare shi da naɗaɗɗen littafin Attaura. A Lateran a zaunar da shi a kan kujerun dutse, a miƙa masa sanda da makullai, ya ɗebi sulalla ya watsa. Labarin da ake yawan yaɗawa cewa kujerun nan na duba ko namiji ne ba shi da tushe a littattafan tsarin bikin. A shekarun da fadar Fafaroma take Avignon, a kudancin Faransa ta yau, ba a iya yin wannan hawa a Rum ba, kuma hakan bai rage ingancin kowane zaɓe ba.

Ta fuskar kuɗi, wannan mataki ne ya fi cin baitulmali. Ban da liyafa da rabon kuɗi ga limaman birni da ma'aikatan fada, al'ada ta ɗora wa sabon Fafaroma kyauta ga waɗanda suka zaɓe shi, kuma Benedik na 12 ya raba musu fulorin na zinariya 100,000. Aikin ƙarshe na magatakarda ne: su rubuta wa sarakuna da bishop-bishop wasiƙun sanarwa. Duk wasiƙar da ta fita kafin ranar kambi da rabin hatimi take fita, kawunan manzanni a fuska ɗaya, ɗaya fuskar babu komai, sai bayan naɗi maƙeri ya sassaƙa sabon suna a ƙarfen da zai maye wanda aka fasa a mataki na farko.